Inda Yatsan Baba Ya Sauka

Abin da ya fara ba ni tsoro a Amurka masara ce. Ni da na tashi a wani ƙauye bayan Kafur, inda yaro ke koyon tafiya tsakanin kunyoyin masara, ai bai kamata masara ta firgita ni ba. To amma awa biyar muna tafiya a bas daga birnin da jirgi ya sauke ni, hagu masara, dama masara, ban ga ɗan Adam ko ɗaya a ciki ba. Babu mai noma, babu mai kai abinci gona, babu ko akuyar da za a kora. Na yi ta leƙe ta taga ina neman wanda zan ɗaga wa hannu in ce sannu da aiki, har wuyana ya gaji.

Kafin in hau bas ɗin ma an riga an yi mini maraba irin ta tasha. Wani ɗan ƙasarmu ya hango ni ina rarraba ido, ya zo da fara'arsa, ya ce shi ma ya taɓa zama a Funtuwa. Ya ce in je in yanki tikiti, zai tsare mini kaya. Na dawo na tarar da babbar jaka, ƙaramar ta bi shi. Ko sisi babu a cikinta, sai kuka da daddawa da yajin da yayata Saratu ta kwana biyu tana dakawa. Har yau nakan so in ga fuskarsa lokacin da ya buɗe.

Sunana Ishaya, malamin firamare ne ni a da, ina kuma taya faston ƙauyenmu wa'azi. Wani fasto daga wajen Adamawa, ɗan ikilisiyar Lutheran, shi ya samo mini gurbin karatu na shekara uku a wata makarantarsu ta tauhidi. Mu a ƙauyenmu sunan Lutheran ma da ƙyar muka taɓa jin sa. Amma ba faston ne ya yanke tafiyata ba, yatsan mahaifina ne.

Baba Nomau Bamaguje ne da ya karɓi Almasihu bayan ya manyanta. Ya bar tsafi, ya bar zuwa wurin mai duba, amma bai bar son a gaya masa abin da zai yi ba kafin ya ɗaga ƙafa. Bai iya karatu ba. Don haka duk wani babban al'amari, sayar da sa ne, auren 'ya ne, ko a shuka auduga ko waken suya, sai ya wanke hannu, ya sauko da Littafi Mai Tsarki daga cikin ƙyallen da yake naɗe shi, ya rufe ido ya buɗe, ya ɗora yatsa. Ni ne mai karantawa. Ranar da takardar makaranta ta zo, yatsansa ya sauka a kan maganar nan ta mutumin da ya kama garma yana waiwaye, wanda aka ce bai cancanci Mulkin Allah ba. Baba kuwa shekara arba'in yana bin shanun huɗa, ya san abin da waiwaye ke yi wa kunya. Ya rufe Littafin ya ce, "Shi ke nan. Ka tafi, kuma ba waiwaye sai ka kai ƙarshen gona." A ranar daɗi na ji, don dama tafiyar nake so.

Makarantar tana wani ɗan gari mai titi ɗaya. Ba bas, ba tasi, ba ɗan acaɓa. Kowa da motarsa, wanda ba shi da ita kuwa sai ya zauna inda aka ajiye shi. Takardar zamana a ƙasar ta ɗaure ni da makarantar, ba ni da izinin neman aiki a waje. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗakin cin abinci, sai majami'a, sai ɗaki. Mutanen ba su da laifi, suna da murmushi, sai dai gaisuwarsu ba ta da tsawo. Kafin ka gyara baki ka tambayi mutan gida, mutum ya kai ƙofa.

Ajin da ya fi ba ni wuya na Farfesa Lindiman ne, wani dogon dattijo mai koyar da yadda ake fassara Nassi. Ranar farko ya shigo, ya rasa wuri a tebur saboda takardu, sai ya ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa kusa da takalminsa. Ban san lokacin da na tashi na ɗauke shi na ɗora a cinyata ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce na gode, daga nan ban sake ganin ya ajiye shi a ƙasa ba. Ashe mutumin da na ɗauka marar tsoron Allah ne, shi ne ya fi kowa taurin kai a kan ikon Littafin.

Ya koya mana cewa Ruhu Mai Tsarki ne ya hure marubutan, har kalmomin da suka yi amfani da su, amma bai maishe su alƙalami marar rai ba. Makiyayi ya rubuta da bakin makiyaya, masunci da bakin masunta. Saboda haka Littafin yana sama da fasto, sama da taron dattawa, sama da mafarkinka da abin da zuciyarka ta raya maka. Wannan bai dame ni ba, Baba ma zai dangwala yatsa a kai. Inda aka taɓa ni shi ne wajen fassara. Ya ce aya ba ta tafiya ita kaɗai. Sai ka duba ta gabanta da ta bayanta, ka san wa ke magana, da wa ake yi. Inda ya yi maka duhu ka haska shi da inda ya fito sarari, don Nassi ne ke fassara Nassi. Kuma ko'ina ka tambayi kanka, a nan Allah umarni yake bayarwa ko alkawari yake yi? Na farko ana ce masa Shari'a, na biyu Bishara. Ya ce faston da bai iya raba su ba zai ɗora wa gajiyayye kaya, ya kuma lallashi mai taurin kai.

Wata rana wani ɗalibi ya kawo zancen masu buɗe Littafi ido rufe su ɗora yatsa. Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, har ta fi ta kowa ƙarfi. Don in wanke kaina, da aka ba mu rubutun ƙarshen zango sai na yi shi a kan “wani tsoho a ƙauyenmu”. Na fede shi tas. Na ce duban Maguzawa ne ya sa wa rigar Kirista. Na miƙa ina jiran yabo.

Farfesa ya kira ni ofis. Ya ce, "Wannan tsohon, wane ne shi a wurinka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Mahaifina ne."

Ya ce, "Na yi zato. Hanyarsa ba daidai ba ce, ba zan ɓoye maka ba. Amma shi yana buɗe Littafin ne don a yi masa magana ya bi. Rabin ɗalibaina suna buɗewa ne su ga ko Littafin ya yarda da su. Koma ka sake rubutawa, ka rubuta shi kamar mutumin da kake ƙauna."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sanyi ya shigo. Injuna suka share masarar nan cikin 'yan kwanaki, ƙanƙara ta rufe ƙasa, duniya ta koma fara fat. Ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Sai in yi kwana uku ban taka waje ba. Na rame, abincinsu ba ya zama a cikina, kewar gida ta kama ni har nakan zauna ina lissafa gidajen ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, daga na Alhaji Sani mai sayen hatsi har zuwa na ƙarshe a bakin fadama. Wadda ta cece ni wata tsohuwa ce a majami'a, Mama Rut, matar wani manomi da ya rasu. Ita ta lura takalmina ba na ƙanƙara ba ne, ta kawo mini na mijinta. Da na yi mata bayanin tuwo, ta tuƙa mota ta kai ni wani kanti mai nisa, muka samo garin masara da kuɓewa. Na tuƙa a ɗakin girkinta, ta ci da cokali tana yabawa, ni kuwa ina ci hawaye na zuba a miya.

Kowace Lahadi da safe, lokacin su sun taso daga sujada, nakan kira wayar Saratu ta miƙa wa Baba. A sanyin nan na farko na ce masa, "Baba, ƙasar nan ta fi ƙarfina. Ina so in dawo."

Ya ce, "Wa ya ce ka dawo? Littafi ya ce ka tafi. Ka ji ya sake magana?"

Daga nan ban sake tayar da zancen ba, na haɗiye na shiga shekara ta biyu.

Da kaka ta shekarar Saratu ta kira ni ranar da ba Lahadi ba. Ƙafafun Baba sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Sun kai shi asibiti a Malumfashi, likita ya ba da magani, ya ja ta gefe ya ce zuciyar ta gaji, su kai shi gida su kula da shi. Ta ce, "Ishaya, ka taho. In kana son ka same shi, ka taho."

Amma Baba ya ƙi. Ya karɓi wayar yana haki ya ce, "In ka zo ba da izinin Littafi ba, bango zan juya ma fuska. Ban haifi ɗan da za a rufe ma ƙofar Mulki saboda ni ba." A nan na gane girman abin. Ba faɗa yake yi ba, tsoro yake ji. In na hau jirgi na je, zai mutu yana ganin ɗansa ya hallaka, kuma shi ne sanadi. In na zauna, ba zan sake ganinsa ba. Abin da ya yarda da shi ɗaya ne: kowace Lahadi zai buɗe, Saratu ta faɗa mini sura da aya, tun da ta yi firamare tana iya haɗa baƙi a hankali, ni in buɗe nawa in karanta. Ranar da aka ce in dawo, sai in dawo.

Na ce bari in yi abin da aka koya mini, in duba abin da ke kewaye da ayar garmar nan, ko in sami ƙofa. Da ban duba ba da ya fi mini. Layi kaɗan a samanta, wani ne ke roƙon a bar shi ya je ya binne mahaifinsa tukuna, aka hana shi. Na rufe Littafin. Washegari na je ofishin Farfesa, na zayyana masa komai.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wa ya kira mutumin nan ya bi shi?"

Na ce, "Yesu."

Ya ce, "To ni ba shi ba ne, makarantar nan kuma ba Mulkin Allah ba ce. Ba zancen takardar digiri ake yi a wurin ba. Kuma ka gaya mini, a cikinmu wa ya taɓa riƙe garmar nan bai waiwaya ba? Ni dai kullum sai na waiwaya. Ka duba farkon labarin, ka ga wanda ya sa gaba zuwa Urushalima ya san mutuwa za shi, bai juyo ba. In ayar ta kashe ka, can za ka duba ka rayu."

Na ji sanyi a raina, amma wannan bai buɗe mini ƙofar ɗakin Baba ba. Lahadin farko yatsansa ya sauka a kan awon labulen wani alfarwa. Ta biyu a kan wani sarki da ya fita yaƙi. Kowace sai ya ce, "An ce ka dawo?" In ce, "Ba a ce ba, Baba." Ya ce, "To zauna." Muryarsa kuma kullum ƙara shigewa ciki take.

Saratu ta fita waje da wayar ta balbale ni. "Kai wane irin mutum ne? Tsohon nan bai san baƙi ba. Ka zaɓo ayar da ta dace ka turo mani lambarta, in ya ɗora yatsa in faɗe ta. Wa zai sani? Karatun da ka je yi bai koya maka tausayi ba?"

Na ce, "Yaya, ƙarya za mu sa a bakin Allah."

Ta ce, "Ni zan ɗauki zunubin. Kai dai turo."

Ba zan yi wa kaina ado ba, na turo. Na zaɓi wurin da wani ɗa a baƙuwar ƙasa ya ce zai tashi ya koma wurin mahaifinsa. Kwana huɗu ina fama da kaina. Na yi wa Baba dariya a aji, na kira hanyarsa duba, ga shi ni da karatuna zan yi abin da ya fi nasa muni. Shi dai jira yake a yi masa magana. Ni kuwa na riga na rubuta amsar, aron murya kawai zan yi.

Lahadi ta zo. Ina jin ƙarar ruwa yana wanke hannu, ina jin an buɗe takarda. Saratu ta faɗi lambar da na tura mata, da sauri kamar mai zubar da garwashi. Littafina a buɗe yake a wurin. Na kalli layin, ban karanta ba.

Na ce, "Yaya, don Allah gaya mani inda yatsan yake."

Sai na ji Baba ya ce, "Saratu, me ake ciki?" Ta fashe da kuka, ta faɗi wata lambar. Na buɗe. Jerin sunaye ne, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, sunaye masu karya harshe, har ƙarshen shafi.

Ya ce, "Duk waɗannan sun mutu?"

Na ce, "Duk, Baba."

Ya ce, "An kau rubuta su." Ya yi tari mai tsawo. "To me aka ce a kan zuwanka?"

Na ce, "Ba a ce komai ba. Ba a ce in zo ba, ba a ce in zauna ba. Baba, ko maganar garmar nan ba a kan tafiyata aka yi ta ba. Ni na karanta maka aya ɗaya na yi shiru, don tafiyar nake so." Na gaya masa abin da ke samanta da ƙasanta, na gaya masa wanda ya riƙe garmar bai waiwaya ba, kuma saboda shi ne ƙofar take buɗe, ba saboda ni na zauna a Amurka ba. Na ce Littafin ya yi magana sarai a kan gafara da tashi daga matattu, ya ce in girmama mahaifina, amma bai yanka wa kowa tikiti ba. "Allah ya ba ka baki, Baba. Kai nake tambaya. Kana so in zo?"

Tun da nake, ban taɓa jin mutumin nan ya ce yana son wani abu don kansa ba. Kullum an ce ne, ko ba a ce ba.

Can ya ce, "In ni ne... ina marmarin ganinka, Ishaya. Tun ranar da ka tafi."

Na jawo jaka na fara zuba kaya, na ciro fasfo. A nan na ga abin da ban duba ba tun da na zo: wa'adinsa ya ƙare wata biyu da suka wuce. Laifina ne, ba na kowa ba. Sai na sami takardar tafiya ta gaggawa daga ofishin ƙasarmu da ke wani birni mai nisa. Farfesa ya rubuta wasiƙu, Mama Rut ta tuƙa ni wuni guda ta kai ni, ta jira ni a mota da abinci a ƙunshe. Kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Kwana goma sha ɗaya abin ya ɗauka. Baba ya cika a rana ta tara, aka binne shi washegari.

Na sauka Kano, na shiga motar Malumfashi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Maƙwabta, Kirista da Musulmi, suna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Na zaci Saratu ba za ta dube ni ba. Da jama'a suka ragu sai ta kira ni ɗakinsa, ta miƙo mini Littafin, da tsinken tsintsiya a maƙale a ciki.

Ta ce, "Tun ranar nan bai sake ɗora yatsa ba. Cewa ya yi in kama Bishara guda, cikin masu ba da labarin Yesu, daga farko in riƙa karanta mashi a jere, kada in tsallake komai, yadda ka ce. Na ɗauki gajerar. Kullum sai an fito da shi zaure yana kallon hanya, ina ta haɗa baƙina yana gyara mani zama. Da muka zo sura ta ƙarshe ya ce in tsaya."

Na ce, "Ciwon ne ya tsananta?"

Ta girgiza kai. "Cewa ya yi, bar ma Ishaya wannan, in ya zo ya karanta mani."

Na buɗe inda tsinken yake. Surar safiyar da mata suka je kabarin Yesu suka tarar ya tashi ce. Na rufe Littafin a kan yatsana, na miƙe, na ce, "Yaya, zo ki nuna mani inda aka sa shi."